Maza Huɗu da Saniya Mai Farin Goshi

Gidan Malam Abdulbaƙi Mika'ilu yana unguwar Takur a Dutse, madaidaicin gida mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Shi ma'aikacin gwamnati ne, matarsa Bilki kuma tana ɗinki a gida. Babbar 'yarsu Ikilima ta shiga ƙaramar sakandare, tana da ƙanne biyu maza. Asalinsu Fulanin ruga ne daga wajen Taura, sai dai shanun sun ƙare tun kafin a haifi yaran, Fulatancin ma iyakarsa gaisuwa. Suna da ci da sha da sutura daidai gwargwado. Abu guda suka rasa a gidan, Malam Abdulbaƙi bai san kamannin mahaifinsa ba.

Yana rarrafe aka yi wata shekarar fari, mazan rugarsu suka kora shanu kudu neman ciyawa. Mahaifinsa ya rasu a hanya, yawancin sauran suka samu wuri can suka zauna. Mahaifiyarsa Adawiyya, wadda jikoki suke kira Dada, ta koma gidan iyayenta ta rene shi. Ita kaɗai za ta iya ba shi labarin ubansa, to amma Dada Bafulatana ce ta da. Ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Shi kuma Abdulbaƙi ɗan fari ne, ɗan kunya. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. In ya je gaishe ta sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. In tana da magana sai ta ce wa Bilki, "Ki gaya wa mutumin gidan nan an gode da shinkafa," ko da yana tsaye a wurin.

Ana cikin damina Goggo Laraba ta zo daga Yalwawa. 'Yar wani tsoho ce da ake kira Baffa Yahuza, wanda suka yi zaman ruga ɗaya da su Dada, bai daɗe da rasuwa ba. Bayan an gaisa ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani hoto a cikin leda.

"Malam Abdu, muna kwashe kayan Baffa na tsinci wannan a ƙasan akwati. Ina jin yana cewa mahaifinka na ciki."

Hoton fari da baƙi ne, gara ta ci gefensa, danshi ya bar masa tabo a sama. Maza huɗu ne tsaye a bakin kasuwa, da wata baƙar saniya mai farin goshi a tsakiyarsu. Malam Abdulbaƙi ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya karɓa.

"Wanne ne, Goggo?"

"Na ƙarshen nan mai agogo dai Baffa ne. Sauran ukun wallahi ban sani ba. Kullum ina cewa zan tambaye shi."

Ikilima ta leƙo ta bayan kafaɗar babanta. Na farko dogo ne mai dogon hanci. Biyu na tsakiya sun sa saniyar a tsakaninsu, ɗaya da malfa, ɗaya da rawani, dukansu gajeru. Ta dubi hoton, ta dubi babanta.

"Abba, ai ga shi nan. Dogon nan. Dubi hancinsa, naka ne sak."

Bilki ta ajiye ɗinki ta zo ta duba, ita ma ta ce haka. Goggo Laraba ta ce kamar kuwa har kunnuwan. Malam Abdulbaƙi ya daɗe yana kallon dogon mutumin.

Washegari ya ɗauki Ikilima a babur suka je shagon wani mai hoto da ake kira Nasrullahi. Ya sa hoton a kwamfuta, ya share tabon danshin, ya tura musu shi a waya, ya kuma ce su daina ajiye na asalin a leda, su sa shi tsakanin farar takarda a inda ruwa ba ya kaiwa. Sannan Malam Abdulbaƙi ya sa aka ciro dogon mutumin shi kaɗai, aka ƙara girmansa, aka sa shi a gilashi. Da suka koma gida ya buga ƙusa a bangon falo ya rataye shi. Daga ranar, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Ƙannen Ikilima har gaishe shi suke yi in za su tafi makaranta, "Kaka, sai mun dawo."

Dada ba ta san ana yi ba. Tana ƙauye, kuma yanar ido ta rufe mata gani, da ƙyar take bambance mutum da turmi. Da shuka ta yi tsawo aka samu ta yarda a kawo ta Dutse a yi mata aiki. Ta iso da ƙullin kayanta da ƙwaryar man shanu, ta shiga falo ta fita ba ta ga komai a bango ba. Bilki ta ce ko a sauke hoton saboda kunyar Dada, Malam Abdulbaƙi ya ce a bari sai an yi aikin tukuna. Da hidimar asibiti ta taso, kowa ya manta.

Ranar da aka cire mata bandeji aka dawo da ita gida da hantsi. Ikilima ta riƙo hannunta suka shiga falo.

"Sake ni, ƙawata," in ji Dada. "Yau ina ganinki. Ashe haka kike da ƙaton goshi ake ɓoye mini?"

"A wurinki na gada, tsohuwa."

Dada ta zauna a tabarma, don ba ta yarda da kujera. Ta bi labule da kallo, ta bi fanka, har idonta ya sauka a kan gilashin. Malam Abdulbaƙi, da ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Kowa ya zaci za ta ja mayafi ta kau da fuska. Sai ta miƙe ta matsa kusa, ta ƙura wa hoton ido, ta fashe da dariya har da tafa hannu.

"La ilaha! Barau! Me ya kawo Barau bangon gidanku?"

"Wane Barau, Dada?" in ji Bilki.

"Ƙanena mana, da ya bi shanu kudu. Wannan ai kwaɗayayye ne, kindirmo ba ya kwana in yana gida. Har ya samu gilashi? To Allah ya jiƙan Barau in ya mutu, in yana raye Allah ya shirye shi."

Ikilima ta waiwaya wajen ƙofa. Babanta ya riga ya juya. Da la'asar ya shigo ya sauke gilashin, ya goge shi da kyau, ya mayar da shi ɗaya bangon, ya ce kawu ma uba ne. Ya faɗa da murmushi, amma ranar bai ci tuwon kirki ba. Ƙusar farko ta zauna a bango ba komai a kanta.

Abin ya tsaya wa Ikilima a rai, don ita ta fara nuna dogon. Ta samu mahaifiyarta a kicin.

"Umma, Abba ya tambaye ta mana. Ai yanzu tana gani."

"Babanki ya tambayi Dada wanne ne mijinta? Ya gwammace ya zauna bai sani ba har ƙarshen ransa. Ni ma suruka ce, ba ni da wannan bakin."

"To shi ke nan?"

"Ke ce kike zaginta ta rama. In akwai mai iyawa, ke ce. Kuma ki sani da likita ya sake duba ta za ta tafi, ta ce gyaɗarta na jiran ta."

Ikilima ce mai ɗiga wa Dada magani a ido safe da yamma. Da yammar nan, bayan ta ɗiga, ta zauna kusa da ita da wayar Umma, ta buɗe cikakken hoton. Ta nuna mata yadda ake buɗa yatsu biyu fuska ta ƙara girma. Dada ta yi mamaki, ta gwada da kanta, hoton ya gudu, suka yi dariya.

"Wannan fa?" Ikilima ta fara da na ƙarshe.

"Yahuza ne. Agogon nan aro ne, ba ya ma tafiya. Saboda hoton ya ɗaura."

"Wannan Barau, mun san shi. To waɗannan biyun?"

Dada ta ɗauke kai ta dubi ƙofa. "'Yan gida ɗaya ne. Wa da ƙane."

"Wanne ne kakana?"

Dada ta ci gaba da kallon ƙofa.

"Dada, ba sai kin faɗi suna ba. Ki nuna da yatsa kawai. Mai malfa ko mai rawani?"

"Ke dai Allah ya sawwaƙe miki. Haka ake koya muku a bokon? Mace ta sa yatsa ta nuna namiji, ga yayansa tsaye a gefe?" Ta ture wayar a hankali, ta jawo carbinta. "Tashi ki ba ni wuri, rasa kunya."

Ba da wasa ta faɗa ba. Washegari ma da Ikilima ta zo ɗiga magani, Dada ta buɗe ido ta rufe, ba ta tsokane ta ba. Ikilima ta ji nauyin abin da ta yi, ta ajiye maganar hoto. Ta koma yi mata tsifa, tana kawo mata ruwan alwala, har tsohuwar ta huce. Likita ya duba ido ya ce ya yi kyau. Dada ta fara ɗaure kayanta, ta ce Lahadi za ta hau mota.

Ranar Asabar aka kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Malam Abdulbaƙi ya fito da babur tsakar gida yana wanke masa laka, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin da aka sauki Dada. Ikilima ta gama ɗiga magani ta zauna a bakin katifa tana latsa waya. Ta fid da rai, tsokana kawai ta rage mata.

"Tunda kin hana mu mutanenki, ni saniyar zan sa a ciro mini a sa a gilashi. Duk ta fi su kyau."

"Wace saniya?"

"Ta cikin hoton mana. Ba ki lura da ita ba?"

"Rannan kin cika mini ido da fuskokin maza. Kawo ta nan."

Ikilima ta buɗa yatsu har saniyar ta cika fuskar wayar. Dada ta karɓa da hannu biyu, ta kawo ta kusa da idonta, ta ɗan ja baya da ita. Ta daɗe tana kallonta har Ikilima ta zaci ta sake yin laifi.

"Wule," in ji Dada a hankali. "Wule ce."

"Sunanta ke nan?"

"Haka muke kiran mai farin goshi. Ita aka ba ni sadaki." Ta shafa gilashin wayar da babban yatsa. "Wannan abin naki yana ɗaukar magana?"

"Yana ɗauka."

"To danna. Labarin saniya ne, babu abin kunya a ciki."

Ikilima ta danna, ta mayar mata da hoton.

"Wule marainiya ce," in ji Dada. "Uwarta ta mutu tana jaririya, sauran shanun suka ƙi ta. Kowa ya ce a yanka kafin ta mutu a banza. Mutum ɗaya ya ce a'a. Shi ya riƙa tsoma yatsunsa a ƙwaryar madara yana ba ta tana tsotsa, in ana ruwa ya shigar da ita bukkarsa. Samarin ruga har suna suka sa masa, wai uwar maraƙi. Bai kula su ba. Da ta girma ta yi nono kamar me, amma ga faɗa. In zan tatse ta sai an ɗaure ƙafafunta, kuma sai mai ita yana tsaye. Ta taɓa ɗaga Barau sama da ƙaho ya faɗa cikin ƙaya. Duk rugar nan ba wanda ya isa ya ɗora hannu a wuyan Wule, sai wanda ya rene ta."

Ikilima ta leƙa wayar. A wuyan saniyar, ƙasa da kunne, akwai hannu a kwance, yatsun sun nutse cikin gashi. Ta bi hannun da ido. Na mai malfa ne. Mai rawani kuwa ya ɗan ja baya, ya haɗe hannayensa a kan sanda, yana kallon ƙahon ta gefen ido. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, ta tuna ranar da aka kore ta, ta rufe shi.

"Ikon Allah," kawai ta ce. "To shi mai saniyar, faɗa ne da shi kamar ita?"

Dada ta yi 'yar dariya. "Ina! Ko akuya ba ya iya daka wa tsawa. Da fito yake kiran shanu, su taho daga bakin fadama. Bahago ne, da hagu yake riƙe sanda. Ba ya cin kuɓewa. In ya yi dariya sai ya rufe baki saboda wushirya, shi ya sa kika ga ya ɗaure fuska a nan, ba fushi ba ne. In yana tafiya kuma yana ɗan jan ƙafar hagu, tun daga nesa nake gane takunsa." Ta gyara zama. "Akwai wani a gidan nan, haka yake tafiya."

A waje ƙarar ruwa a bokiti ta tsaya. Ikilima ta lura muryar Dada ta ƙaru, ita da kullum sai an matso ake jin ta.

"Safiyar da za su tafi kudu, shanu duk sun rame, Wule ma ƙashin bayanta ya fito. Na ce a bar mini ita, aka ce in ta zauna yunwa za ta kashe ta. An gama ɗaure kaya, sai ga yaron gidan ya rarrafo har cikin garke, yana bin ƙafafun shanu. Na yi ihu. Mai saniyar ya sunkuya ya ɗauke shi, ya kaɗe masa ƙasa, ya ɗora shi a bayan Wule. Wule da ba ta yarda da kowa! Ta tsaya cak, ko jela ba ta kaɗa ba. Yaron ya kama tozonta yana ƙyalƙyala dariya. Shi ma ya yi dariya, ranar bai rufe baki ba. Ya ce, 'Kin gani? Ta san nata.' Ya zagaya garken da shi a haka, yana riƙe da bayansa, yana gaya masa sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ji. Mutane suna ta kira rana tana yi. Da ya sauke shi ya miƙo mini, ya ce kada in yi saurin yaye shi, shekarar ba ta da kyau. Ya tafi ya dawo, wai ya manta gora. Ba gorar da ya manta, tana rataye a kafaɗarsa."

Ta miƙa wa Ikilima wayar.

"Je ki kawo mini ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Ikilima ta fita. Babanta yana tsugune a jikin bango kusa da babur, soso a hannunsa, kumfa tana ɗiga a kan takalminsa bai sani ba. Ta durƙusa ta nuna masa wuyan saniyar da hannun da ke kai, sannan ta ja hoton da yatsa a hankali har malfar ta bayyana, da fuskar da ke ƙarƙashinta. Gajeren mutum ne mai faɗin goshi, ya datse leɓɓansa, idanunsa kuwa kamar yana shirin dariya.

Malam Abdulbaƙi ya saki soson. Ya goge hannunsa a wando ya karɓi wayar. Leɓɓansa suna motsi da addu'a. Can ya ɗago ya dubi 'yarsa, ya dubi goshinta, ya yi wata gajeriyar dariya, hannunsa ya tafi bakinsa ya rufe.

"Ƙawata!" Dada ta ƙwala kira daga ɗaki. "Rijiya kika tafi haƙawa? Dawo, ban gama ba. Ban gaya miki inda aka samo uwar Wule ba, da wanda ya ba da ita, da wanda ya haifi wanda ya ba da ita."

Ikilima ta karɓi wayar, ta ɗebo ruwa ta koma da sauri. Iska mai sanyi tana shigowa, Dada ta ƙudundune cikin mayafi har wuya. Ikilima ta miƙa hannu za ta rufe taga.

"Bar ta a buɗe," in ji Dada. "Zafi nake ji."

Ikilima ta janye hannunta ta zauna, ta sake danna wayar. Dada ta kurɓi ruwa, ta juya fuskarta wajen bango, ta ɗaga murya ta ci gaba. A nan Ikilima ta gane ba ita ake ba wa labarin ba. Dada da ɗanta take magana, kuma ta daɗe tana jiran wanda zai zauna a tsakaninsu.